Ƙullin da Ba Ya Shan Yawu

Allah ya yi wa garinmu baiwa iri-iri. Ya ba mu teku, ya ba mu zaitun, da ya ga godiyarmu ta yi kaɗan sai ya ƙara mana da Barba Dujam, wato Kawu Dujam. Duk faɗin gaɓar Dalmatiya babu wanda ya san ƙulli kamarsa, kuma wannan ba jita-jita ba ce, daga bakinsa muka ji. A Jamus ya ƙare ƙuruciyarsa, a wani kanti, yana ɗaura wa 'yan kwat naktaye a wuya. Da ya yi ritaya ya dawo gida da tumbi, da farar hular kyaftin, da jirgin da ya fi na kowa tsawo. Tsawon jirgin ne ya zaɓe shi shugaban ƙungiyarmu ta masu kamun kifin tuna, mu dai hannu kawai muka ɗaga. A gabansa Shugaba muke ce masa, a bayan idonsa Sarkin Zarge.

Ciwonmu ɗaya ne. Duk kaka ana gasar kamun tuna tsakaninmu da mutanen tsibirin da ke kallonmu, 'yan Tsallake, kuma kofin gasar ya daɗe a wajensu har yaranmu sun ɗauka can aka ƙera shi. In ka sauka a gaɓarsu sai wani ya tambaye ka cikin ladabi ko kana son ka ɗan taɓa shi. Abin yana ci mana rai ƙwarai.

Barba Dujam ya yi nazari ya gano cutar. Ya tara mu a shagon gahawa na Mande, ya shimfiɗa sandar fatsa a tebur, ya sa farar safar hannu.

"'Yan'uwa, jahilci ke damunku. Ga uwar igiya. Ga zaren gaba mai kauri, mai riƙe ƙugiya. Ku ninka shi biyu, ku zura uwar igiya a madauki, ku nannaɗe. Zuwa nan ko jaki zai iya. To daga nan me kuke yi? Sai ku kai baki! Ku lashe kamar awaki, sannan ku ja. A Turai fa muke!"

Gaskiya ya faɗa, haka muke yi. Zaren roba in aka ja shi a bushe yana gugar kansa ya ƙone, ƙullin kuma ba ya zama daram. Babu wanda bai san wannan ba a shagon. Sai dai babu wanda ba ya son kujera a dogon jirgi mai inuwa da firji, don haka muka gyaɗa kai kamar yau muka fara ganin teku.

"Na ƙirƙiro muku Ƙullin Dujam," ya ci gaba. "Tsaf-tsaf, gefe da gefe daidai, a bushe. Ministoci na ɗaura wa wuya, ko ɗaya bai taɓa kwancewa ba."

"Akwai ministan da ya taɓa janka cikin teku?" in ji Mande daga bayan kanta.

"Mande, tsaya kan gahawarki."

"Ita ma sai da ruwa take yiwuwa, Barba."

Doka ta fito. Duk wanda aka kama ya lashi zare, a gaɓa zai kalli gasa. Shugaba da kansa yake bin ƙulle-ƙulle yana danna musu farin hankici, ya ɗaga ya duba ko akwai laima. Kuma a gaya wa Allah gaskiya, ƙullin yana da kyau. Ko a ɗaurin aure ka sa shi ba za ka ji kunya ba.

Ranar gasa Shugaba ya ɗaura nasa da hannunsa, ya miƙa sandar ga Jerko, wan matarsa, saboda Shugaba yana da ciwon baya da ke tashi duk lokacin da aiki ya zo. Jerko tsoho ne marar surutu, tun gashinsa na baƙi yake mafarkin kofin nan, kuma kafaɗunsa sun riga sun gaya masa bana ce ta ƙarshe.

Kafin rana ta take kifi ya ɗauka. Sanda ta lanƙwashe, zare ya kama kuka. Jerko ya kafe ƙafa, gumi na zuba, yana ja yana saki. Shugaba kuwa ya haye saman jirgi da lasifika ya fuskanci jiragen 'yan Tsallake.

"Ku matso ku ga ilimi! Wannan da kuke gani ba ƙarfin Jerko ba ne, ƙulli ne ke aiki! Ku gaya wa jikokinku kuna nan!"

Kifin ya taso har muka ga farin cikinsa yana walƙiya a ƙarƙashin ruwa, ya fi ƙofar coci faɗi. Wanda ke riƙe da ƙugiyar janyowa ya riga ya miƙa hannu. Sai sanda ta miƙe tsaye. Jerko ya naɗo igiya, ta zo sakayau, bakinta a murɗe kamar wutsiyar alade. Mai kamun kifi ba ya buƙatar bayani a nan. In haƙori ya yanke zare, bakin yana zuwa a miƙe. Murɗaɗɗen baki kuwa ƙulli ne ya zame.

Ban taɓa sanin Shugaba na da sauri ba sai ranar. Ya diro, ya fizge igiyar, ya juya mana baya, ya cusa ta a baki ya datse murɗen, ya haɗiye. Ya juyo ido jawur, yana ɗaga mana miƙaƙƙen zare.

"Kun gani? Kifin shak ne ya yi mana ɓarna. Yankan haƙori ne wannan."

"Haƙori ne kam," in ji Jerko. "Har mai shi na gani."

Jerko ya ajiye sandar. Ya juya ya kalli ruwa yana share fuska da hularsa, ni kuwa kunya ta kama ni, don da hannuna aka zaɓi Shugaban nan.

'Yan Tsallake suka sake cinyewa, da kifin da bai kai rabin namu ba. Wajen ba da kofi, shugabansu Lovre ya kira Barba Dujam gaban jama'a, ya ba shi cuku da tulun man zaitun, ya naɗa shi Uban Ƙullin Tekun Adriyatik. Ya kuma roƙe mu, hannu a ƙirji, kada mu yarda wani ya raba mutumin nan da kujerarsa. Mutanensu suka yi ta tafi, wasu har da hawaye.

Barba Dujam ya gyara hula.

"Ilimi ba na mutum ɗaya ba ne. Gobe zan tsallako in koya muku ƙullin, kyauta."

"A'a, Barba, rufa mana asiri," in ji Lovre. "Ba ma ƙwace wa maƙwabta arzikinsu. Zauna da mutanenka. Mu ƙauyawa ne, bar mu da lasarmu."

Shugaba ya waiwayo ya dube mu, cuku a hammata.

"Kun ji ko? Su da kansu sun san ba su kai ba."