Na Sa Hawa Haddar Littafin Turanci

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar taron iyaye ce a makarantar 'yata Hawa, nan unguwar Nima. Na shiga da babbar riga ina taƙama, na fito kamar kazar da ruwa ya yi wa duka.

Tun farkon zango malamarsu, Madam Fati, ta aiko mini cewa Hawa ba ta iya karatun Turanci ba, in ba ta gyara ba za ta maimaita aji uku. Raina ya ɓaci. Ni tela ne, bokona bai wuce rubuta awon wando ba, amma na yi sauka tun ina yaro, kuma a ganina karatu duk karatu ne. Sai na roƙi maƙwabcina, wani direban motar haya, trotro, ya karanta littafin ajinsu kaf, na naɗi muryarsa a waya. Kullum bayan asuba in zaunar da Hawa a tabarma, in kunna, ta biya, ta maimaita, yadda malaminmu ya yi mana a makarantar allo. Ba a jima ba ta haddace shi daga bango zuwa bango (har da rausaya kai, gwanin sha'awa).

Ranar taron aji ya cika da iyaye. Madam ta tambayi yara wa zai yi karatu. Kafin kowa ya motsa, ni ne na ɗaga hannu.

"Madam, a gwada Hawa."

Ta buɗe shafin farko, Hawa ta zuba kamar famfo. Aka yi tafi. Da na yi shiru a nan, da na koma gida da mutuncina. Amma ina! Kaina ya kumbura, na ce, "Madam, buɗe wani wurin, ko'ina kika ga dama."

Ta buɗe tsakiya, shafin da ke da hoton wata ƙatuwar akuya. Hawa ta ɗaga ido sama, ta ɗora daga inda ta tsaya, tana ta labarin masunta da jirgin ruwa. Wata yarinya ta yi ihu, "Ei, Madam, akuya ne a wurin fa!" Aji ya tuntsire da dariya. Madam ta aza yatsa a kan kalma ɗaya tak. Hawa ta dubi kalmar, ta dube ni, sai hawaye.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Amma hawayen nan ya fi kunyar yi mini ciwo, don yarinyar ba ta yi komai ba sai abin da ubanta ya sa ta.

Madam ta tsawatar wa yaran, ta dafa kafaɗar Hawa ta ce, "Cikinku wa ya iya riƙe littafi guda a kai? Malam, yarinyanka yana da kai paa, sosai da sosai. Baƙaƙen ne kawai ba a haɗa shi da su ba." Ta ce kullum bayan an tashi tana zama da masu buƙatar taimako, in riƙa barin Hawa. Sai ta ƙara da murmushi, "Akwai benci a baya, in babansa ma zai zo."

Na je kuwa (bencin ya yi mini kaɗan, gwiwoyina har haɓa). Muka fara daga baƙi ɗaya-ɗaya, Hawa ta wuce ni fintinkau, ta kuma shiga aji huɗu da ƙawayenta.

Kwanan baya muna tafiya Maamobi ta ja mini riga, ta karanta rubutun bayan wata trotro da kanta, a hankali, tana tuntuɓe tana tashi. Babu rausaya, babu tafi, amma ban taɓa jin karatu mai daɗinsa ba. Yanzu in aka ce wa zai yi karatu, hannuna a aljihu yake zama.