Masarar da Ba Ta Kai Bazara Ba

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Kabiru a Malumfashi ba, kuma ko na so in manta, akwai mace ɗaya a gidana da ta ɗauki nauyin tuna mini har tsufa.

Bari in fara gaya muku sana'ata, don ku san daga inda na faɗo. Ni mai ajiyar hatsi ne a Funtua. Da kaka nakan bi ƙauyukan Danja da Kafur in sayi masara tana araha, in zuba mata magani, in ɗinke buhuna, in jibge a sito, in datse da kwaɗo. Sai bazara ta yi nisa, rumbunan mutane sun yi ƙasa, sannan in buɗe. Abin da na gada ke nan, kuma ba yabon kai ba, na iya shi. (To, yabon kai ne. Amma a wancan lokacin ina da hujja.)

Matsalar sana'ar ita ce zaman jira. In ka kulle sito, sauran aikinka ka zauna a benci kana gaisawa da masu wucewa. A irin wannan zaman ne Kabiru, abokina mai sayar da taki da maganin feshi, ya saka mini wani wasa a waya. Wasa ne da ake yi ta intanet, kowa da mutuminsa a ciki, a haɗu a yi ƙungiya, a je a yaƙi dodanni, a raba ganima. Na ce masa ni na wuce wasan yara. Kafin mako ya zagayo ina da ƙaton jarumi mai gemu da gatari, kuma na fara yi wa mai shagon caji faɗa in ya daɗe da wayata.

Matata, Maman Ummi, ta karɓi wayar wata rana don ta ga abin da ke hana ni cin tuwo da zafinsa. Washegari ta saka shi a tata. Ta zaɓi zama mai warkar da waɗanda aka ji wa rauni a fagen yaƙi, kuma ba a jima ba ƙungiyarmu ta daina fita in ba ta nan. Ni in ban zo ba, ba mai ko tambaya. Wannan bai dame ni ba sosai, don an ba ni muƙamin da ya fi na kowa a idona: ni ne ma'aji. Duk abin da aka zuba a rumbun ƙungiya, makullinsa yana hannuna.

Muna cikin jin daɗinmu sai masu wasan suka faɗaɗa shi. Suka ƙara sababbin dazuzzuka da dodanni, suka kuma rataye wani tsibiri a sararin sama, suka ce ba za a buɗe shi ba sai ƙarshen zangon wasan da muke ciki, kuma ba mai hawa sai da dabba mai tashi. Tare da wannan suka turo dogon bayani da Turanci, ƙananan rubutu kamar na takardar magani. Na yi abin da kowane mai hankali yake yi, na ja shi ƙasa da yatsa na danna na yarda.

Sai ga kuɗi kala-kala. Da can zinariya kawai muka sani. Yanzu ga wasu duwatsu shuɗɗa da sai ka sa kuɗinka na gaske kafin ka samu (waɗannan ko kallonsu ban yi ba, ni da nake ja-in-ja da manomi a kan tiya ɗaya). Ga wasu tambura da ake gyara sulke da su, ga gashin tsuntsu da har yau ban san amfaninsa ba. Na yi kwanaki ina sayen abu da kuɗin da ba nasa ba, ɗan kasuwar cikin wasan yana girgiza mini kai. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne wasu 'yan ƙwayoyi ruwan ɗorawa da ake samu in an gama aikin yini, a kashe dodo ko a tsinko ganyen magani. Da su ake sayen dabba mai tashi. Ina ganinsu na ce, "Ai wannan masara ce." Sunan ya bi su a ƙungiyarmu.

Na leƙa kasuwar 'yan wasa, inda ake musayar kaya, na ga masarar nan ta yi araha ƙwarai. Kowa na samu, kowa na kashewa, wasu na zubar da ita a kan zinariya kaɗan. Wallahi sai daɗi ya rufe ni, irin yadda nake ji a kasuwa da tsakiyar kaka. Na kira taron ƙungiya, muka haɗa murya ta waya, na gyara zama a bencina.

"Jama'a, ku saurare ni da kyau," na ce. "Yanzu kaka ake yi. Ranar da zangon nan ya ƙare, za a daina ba da masara. A ranar kuma za a buɗe tsibiri. Duk wanda bai sayi dabba ba zai zo yana neman masara ido rufe. Wa zai same ta a wurinsa?"

"Mu," in ji Kabiru, wanda shi ne shugaban ƙungiyar.

"To kada wanda ya kashe ko ƙwaya. Ku zubo a rumbu. Ranar buɗewa mu sayar da rabi da tsada, mu sayi dabbobi da sauran rabin, mu yi sulke da ribar."

Nomau ne ya fara goya mini baya. Ɗan Maguzawan wajen Kafur ne, manomi na gaske, gidansu rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Ya ce, "Maganar ma'aji dutse. Mu a gidanmu ba a taɓa dawar bana a bana. Wanda ya ci ta bana a bana ai ba manomi ba ne." Daga nan kowa ya yarda, kaina kuwa ya ƙara girma.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, kuma a gidana take. Ina alwalar la'asar ta zo ta miƙo mini wayarta.

"Baban Ummi, wannan 'yar kwalbar da rairayi ke zuba a jikin masarar fa? Ban ga irinta a jikin zinariya ba."

Na duba. Akwai ta kuwa, 'yar ƙarama a gefe, rairayin sama yana raguwa. Na yi irin murmushin da babba ke yi wa yaro.

"Wannan ai lokacin girbi take nunawa. In rairayin ya ƙare, an daina bayarwa ke nan. Shi ne fa abin da muke jira."

"Ni dai jikina bai ba ni ba," in ji ta. "Abin da aka liƙa wa agogo bai yi mini kama da na ajiya ba."

Na yi mata lacca mai tsawo a kan kasuwanci, har da tarihin kakana. Ta saurara tana tsince shinkafa. Da na gama ta ce Allah ya ba da sa'a, ta je ta tattara masararta kaf ta sayi wata ƙatuwar shamuwa mai sirdi biyu. Na ji haushi ƙwarai. Na shiga ƙungiya na ce a yi mata uzuri, ta sayar da amfanin gonarta tun yana ɗanye. Aka yi ta dariya. (Ni na fi kowa ƙarfin dariya. Ku riƙe wannan.)

Haka muka shafe zangon nan muna noma a waya. Nomau yakan tsaya a bakin gona ya yi aikin yininsa kafin ya koma kan garma. Kabiru yana hidimar lefe yana kashe dodanni. Sauran 'yan wasa suna shawagi a kanmu da dawakai masu fiffike, mu muna tafe a ƙasa da tsofaffin takalma, ina ta ba jama'ata haƙuri. Kullum da safe sai na buɗe rumbun na kalli yadda ya cika, in ji sanyi a raina.

Sai aka yi dace, ranar buɗe tsibirin ta faɗo daidai da Asabar ɗin ɗaurin auren Kabiru. Muka ce shi ke nan, tunda duk za mu haɗu a Malumfashi, a can za a buɗe rumbu a gaban kowa. Na sa a wanke mini babbar riga, na kafa hula. Tun asuba ban leƙa wasan ba, don ina son in ga abin mamakin tare da jama'a.

Aka ɗaura aure lafiya, aka ci shinkafa, mata suka shige cikin gida wurin amarya, har da Maman Ummi. Mu kuma 'yan ƙungiya muka ja kujeru gefen rumfa, kowa ya fito da waya. Ganin mun yi da'ira, sai baffan ango, Alhaji Mamman, ya matso da kujerarsa. Wannan dattijo shi ne yake ba ni ajiyar masararsa duk shekara, kuma ta bakinsa wasu manoman garin Ƙarfi suka san ni. Da na gan shi, maimakon in rage murya, sai na miƙe tsaye.

"'Yan'uwa," na ce, "an yi mana dariya, an kira mu matsiyata masu tafiya a ƙasa. Yau za a san bambancin mai haƙuri da mai gaggawa. Ajiya ilimi ce, ba kowa Allah ya ba ba."

"Sai ma'aji!" in ji Nomau.

Na ɗaga wayar yadda kowa zai gani, na yi bisimilla, na danna rumbu.

Wayam. Ko ƙwaya ɗaya babu.

Na ce sabis ne. Na fita na sake shiga. Na ɗaga wayar sama, na juya gabas. Na goge fuskarta da hannun babbar riga. Rumbun nan yana nan yadda yake, fanko, sai wani ɗan saƙo a tsakiya. Kabiru ya karɓa ya karanta, ya fassara mana a hankali: zango ya ƙare da safiyar yau, duk masarar da ba a kashe ba ta tafi tare da shi, kamar yadda aka sanar tun farko, an gode da wasa.

An gode da wasa! Gumi ya keto mini tun daga ƙarƙashin hula. Can sai Nomau ya aje wayarsa a cinya, ya dube ni da idon tausayi.

"Ma'aji, ko gara ce ta shiga rumbu ai takan bar ƙaiƙayi."

Wani ya fashe da dariya, sai duk suka ɗauka, har ango yana riƙe ciki yana share hawaye da gefen rawani. Ni kuwa ina tsaye, na rasa yadda ake zama. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Malumfashi ta ƙi ba ni haɗin kai.

Alhaji Mamman ya ce, "Kai Kabiru, me ya faru ne?" Na yi wa Kabiru alama da ido ya rufa mini asiri. Bai gani ba, ko kuma ya gani ya ƙi. Ya zayyana masa komai, tun daga laccata har zuwa 'yar kwalbar rairayi. Dattijon ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya juyo gare ni.

"Wato an rubuta ranar lalacewar abu a jikinsa, kana kallo kullum, ka ce ranar tsadarsa ce?"

"Alhaji, ai wasa ne kawai..."

"Na ji wasa ne. Ina dai tunanin buhunana da ke sitonka."

Masarar waya ta tafi, ga ta gaske tana shirin bin ta.

Muna cikin haka sai wayoyinmu suka yi ƙara tare. Saƙo ne daga cikin gida, daga Maman Ummi: "Na ji dariya har nan ɗakin amarya. Kowa ya zo bakin dutsen da ke ƙasan tsibiri, zan haye da ku ɗaya bayan ɗaya." Muka duba, sai ga shamuwar nan ta sauko a gaban mutanenmu, tana gyara fiffike.

Ta fara ɗaukar ango. Ta dawo ta ɗauki Nomau. Haka ta yi ta jigila, ni kuwa ƙaton jarumina yana tsaye da gatarinsa a bakin dutse kamar mai jiran mota a tashar Danja. Duk sauka sai in matsa gaba, sai ta kira wani. Sai da ba kowa sannan ta tsaya a gabana, ta turo saƙon murya, Kabiru kuwa ya ƙure ƙarar wayarsa don kowa ya ji.

"Malam ma'aji, hau baya. Ka riƙe da kyau, amfanin gonar da aka sayar ɗanye ne, kada ya zubar da kai."

Na hau. Ni da ban taɓa yarda ta riƙe kan babur ɗina ba, ga ni a bayanta, gemuna na kaɗawa a iska, jama'a na tafi. Alhaji Mamman ya leƙo wayar ya ce, "Wa ke tuƙin?" Aka ce matarsa ce. Ya ce, "To alhamdu lillahi, ashe akwai mai hankali a gidan. A bar buhunan."

Abin da ya cece ni ke nan. Har yau Alhaji yana kawo mini ajiya, sai dai in lokacin buɗe sito ya yi, yakan ce in gaida Maman Ummi, in kuma ji ta bakinta. Ƙungiya ta karɓe makullin rumbu ta ba ta, ba wanda ya nemi shawarata. Ban yi fushi ba, don tsibirin yana da kyau, kuma daga kujerar baya ma ana ganin komai sarai.

Yanzu duk abin da aka ba ni ajiya, ko goro ne, sai na juya shi na duba ko akwai rairayi na zuba a jikinsa. In kuma Maman Ummi ta ce jikinta bai ba ta ba, nakan haɗiye laccata, in je in tsaya a bakin dutse da wuri, ko a wannan karon za a ɗauke ni kafin Nomau.