Ruwan Ƙwarya Ɗaya

A wani daji mai tsohuwar kuka, tsuntsayen duniya kan taru jefi-jefi su rera waƙar da kakanni suka bar musu, sannan kowa ya tsoma baki a ƙwarya ɗaya. Ragowar ruwan kuwa wakilai ke rabawa, su kai wa marasa lafiya a gida.

A bana Zalɓe ne wakilin fadama. Ya baro tsohuwa Kurciya kwance rai a hannun Allah, ita da ta koya masa waƙar tun yana ɗan tsako. Abu ɗaya ta roƙe shi: ruwan ƙwaryar nan kafin ta bar duniya.

Sai taron ya zo da rigima. Tsuntsayen ƙetare sun sauya baiti guda, wai don ya dace da zamani. Zalɓe, da yake Allah ya hore masa dogon wuya da son a ji shi, ya miƙe gaban Shamuwa, uwar taro mai zama a reshen farko.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ko ki tsawata musu, ko ki sauka. Mu ne masu yawa yanzu. Ke su wa suka rage a bayanki?"

Shamuwa ta ce, "'Ya'yana, reshe na gada, ban gaji sanda ba. Iyakata in kira ku, in roƙe ku ku saurari juna."

Gauraka, wakilin ƙetare, ya gyara tukkunsa. "Mu dai ba mai ba mu umarni. A dajinmu, mu ke da iko da bakinmu."

"To bakina ba zai shiga inda naku ya shiga ba!" in ji Zalɓe. Ya tashi fir ya koma wata bishiya, rabin taro suka bi shi suna kirari. Ai kuwa ya ji daɗin kirarin nan! Na ƙetare su ma suka yi zuciya suka ƙi sha. Shamuwa ta gaji da jira, ta kife ƙwarya.

Sai da ya hango fadama ya tuna da Kurciya. Kunya ta rufe shi. Ya sauka a kududdufin bakin hanya, ya waiga hagu da dama, ya ɗebo ruwa ya kai mata.

Kurciya ta kurɓa da ƙyar. Ta ce, "Ɗana, kowa ya sha?"

"Kowa ya sha, Inna."

"Har na ƙetare?"

Ya sunkuyar da dogon wuyan nan har ƙasa. "Har su."

Ta lumshe ido. "Na ji a bakina. Bakuna da yawa sun shiga ruwan nan. Madalla, yanzu sai in tafi."

Gaskiyarta kuwa. A kududdufin nan shanu da jakuna da awaki ke sha tare tun fil azal, kuma ba wanda ya san baiti ko ɗaya a cikinsu.