Barkar da Na Yi a Gidan Makoki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa mutanen Yammedi barka a inda ya kamata in yi musu ta'aziyya. Yau ɗalibaina na jami'a suna ganin furfurata, suna jin cewa na taɓa shugabantar harkar lafiya, sai su ɗauka da hankalina aka haife ni. To ba haka ba ne.

A farkon shekarun saba'in aka turo ni ƙasar Ƙaraye, ina sabon malamin asibiti, da farar riga da keke da girman kai (na ukun ya fi sauran nauyi). Da bazara ƙyanda ta ɓarke, aka ce in rubuta garuruwan da ta kama, don a san inda masu allurar rigakafi za su fara. Ni kuwa ban ɗaga daga kujera ba. Na buɗe littafin marasa lafiya, na ga babu yaro ko ɗaya daga Yammedi, na rubuta cewa garin lafiya lau yake. Masu allura suka tsallake shi, suka wuce zuwa Rogo.

Abin da ban sani ba, don a birni na tashi, shi ne a nan ba a fita da mai ƙyanda. Ɗaki ake sa shi, a rufe, kada iska ta taɓa shi.

Bayan mako biyu na hau keke na nufi garin, wai zan yaba musu. Na tarar da maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan wani malamin allo, Malam Hadi. Raina ya yi fari, na ɗauka taron tarbata ne (har yau ban san wa nake zaton ya sanar da su zuwana ba). Na yi sallama a tsaye, ko takalmi ban cire ba, na zaro takardar rahotona na fara jawabi. Na ce garinsu abin koyi ne. Na ce saboda tsaftarsu ne ƙyanda ta tsallake su.

Babu wanda ya ɗago kai. Sai da na gama Malam Hadi ya ce, "Sannu da hanya, Malam likita. Zauna ka sha ruwa."

Na tsuguna. Ya ce a hankali, "Ɗazu muka dawo daga maƙabarta, mun kai Sa'adatu, 'yar wajena. Yayanta ya riga ta da kwana huɗu. Masu allurar nan kuwa, yaushe za su iso mu? Muna ta zuba ido."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Amsar tambayarsa tana hannuna, da rubutuna da sa hannuna. Na ce, "Allah Ya jiƙan su," na kasa faɗa masa gaskiya. Wannan rashin faɗar ya fi jawabin ci mini rai.

A ranar na tuƙa keken nan har Rogo na roƙi masu allura suka dawo. Wasu yaran sun tsira.

Shekaru da yawa na yi ina sa hannu a rahotanni. Duk wanda ya kawo mini takarda mai cewa wani gari ba shi da matsala, tambaya ɗaya nake masa: "Ka cire takalmi ka zauna da su?" Suna cewa tsohon ya cika naci. Ba su san Sa'adatu ba.