Ranar da Burtu Ya Yi wa Kasa Waƙa

A wani daji mai tafki a tsakiya, ba a buɗe bikin ruwan farko sai da waƙar nan "Hadari Ya Taso". Mawaƙa huɗu ne suka yi ta tun suna samari, masu ƙara da girgiza kai. Uku sun rasu, saura Malam Burtu, wanda duk shekara in ya zo baitin abokinsa Gauraka sai muryarsa ta karye.

Sai ga Kasa, macijiyar nan mai kwanciya a hanya, ta zama masaniyar waƙa. Kullum da safe takan hau kan suri ta yi shela: "Tsofaffin waƙoƙi bakwai da iyayenku suka cuce ku da su! Ta huɗun za ta sa ku kunya!" Dabbobi su taru, masu zagi sun fi masu yabo yawa, ita kuwa duk ɗaya ne a wurinta, don kowane taro akwai ɓera ɗaya ko biyu da ba ya komawa gida. Ba ta taɓa amsa tambayar kowa ba, aka ce ai haka manyan masana suke.

Waƙar Burtu ce ta huɗun. Abin ya ci masa rai, musamman da majalisar daji ta sa ranar duba ko za a cire ta daga bikin.

Ran zama, Kasa ta ce, "Waƙar ta yi tsawo, ta yi hayaniya, kuma ta tsufa. Na gama."

Burtu ya miƙe ya dubi Gwanki, shugaban majalisa. "Ranka ya daɗe, tsufa dai mun tsufa, har da masu sauraro. Amma da wannan waƙa aka yi zawarcin iyayen rabin waɗanda ke zaune nan. Shekarar da tafki ya ƙafe, ita muka yi ta rerawa har muka kai Kogin Yamma, ba wanda ya zauna a hanya. Ban iya jayayya ba. A bar ni in rera ta, malama ta nuna mini inda ta lalace."

Ya kumbura maƙogwaro ya saki murya. Kafin baiti na biyu Dorina na buga ƙafa, Kura na hawaye tana cewa ƙura ce ta shiga idonta, shi kansa Gwanki ya manta da girma yana karɓar amshi. Burtu ya kai ƙarshe, kowa ya juya ga masaniya.

Kasa ta zaro harshe ta mayar. "Wai tsohon nan sai buɗe baki yake yi. Yaushe zai fara?"

Zomo ya matsa, daga nesa dai, ya leƙa gefen kanta. "Ranka ya daɗe, ba ta da kunne!"

Burtu ya ji sanyi a ransa, ya ɗauka magana ta ƙare. Gwanki ya goge ido, ya gyara murya.

"Jama'a, kun ga yadda waƙar nan ta ruɗe mu, har da ni. Duk cikinmu malama ce kaɗai ba ta bi son zuciya ba. Ina za mu sami alƙali irin wannan?"

Aka ɗaga ƙafa aka amince, aka cire waƙar.

Da ruwan farko ya sauka, aka yi biki shiru, Burtu na tsaye a gefe ruwa na dukansa. Da aka tashi, Kasa ta shelanta cewa ita ba ta ji wani bambanci ba, majalisa kuwa ta yaba da gaskiyarta.