Kashe-Baki a Ƙarƙashin Siminti

"Wane irin ina wuni? Ka ga alamar wuni a jikina? Shigo, maƙetaci."

Magini ya sunkuya ya shiga ɗakin kakarsa, rungume da gwangwanaye uku, kowanne da tsiro mai fure rawaya. Ɗakin sai warin magani. Kwana shida ke nan rabon tsohuwar da ta haɗiyi abin kirki, don gyambon da ke cin bakinta ya gangara har maƙogwaro.

Laifinsa ne, ya kuma sani. Tana kwance a asibiti ya zage ya shafe tsakar gidan da siminti, wai kada santsi ya kayar da ita in ta dawo. Aiki ya yi sumul. Ashe ciyayin bakin rariya da ya sa cebur ya kankare su ne kashe-bakinta. Ita ta raɗa wa tsiron wannan suna, domin in an tauna furensa baki yakan mutu na ɗan lokaci, mai ciwo ya samu ya ci abinci. Shekara talatin tana renonsa, jikanta ya gama da shi kafin rana ta take.

"Uwargida, yau na wanke laifina. Gari na zagaye kaf."

"Mijin da ya binne gonar matarsa da ranta. Miƙo in gani, mai kai kamar bulo."

Ta shinshina na farko, ta kau da fuska.

"Warin wannan ya fi na hammatarka. Na ado ne, a ƙofar otal ake jera shi."

"Mai sayarwar ya rantse min dangi ɗaya ne, duk 'yan gidan furen nan ne mai bin rana."

"Kai ma ai dangina ne. Me ka tsinana min?"

Ta shafa na biyu da yatsa.

"Ji gashi a kara kamar ƙafar akuya, ga fararen kunnuwa kewaye da furen. Abincin zomo ka kawo min. Nawa ba shi da kunne ko ɗaya. A dunƙule yake kamar maɓallin riga, da jan ɗigo a tsakar kansa, ganyen bibbiyu suna kallon juna."

"Allah ya so yara ba ki zama malamar makaranta ba. Da har yau suna aji ɗaya."

Na ukun ya yi kama sosai, har ya fara sa rai. Ta juya shi, ta tsinki fure ta miƙa masa.

"Tauna."

Ya tauna. Ɗanyen ciyawa ne kawai, da ɗan ɗaci.

"Wayyo, harshena ya mutu murus!"

"Maƙaryaci. Da shi ne, da yanzu yawu ya jiƙe maka gemu, ka yi shiru duniya ta huta."

Ta fara dariya, dariyar ta koma tari. Ta danne baki da hankici, ta yi saurin naɗe shi, amma ya riga ya ga jinin.

"Tsohuwa, bari in fasa simintin. Ƙila da sauran saiwa."

"Bayan wata guda? Ai kai gwani ne, abin da ka rufe ba ya sake numfashi."

Sai ta lalubo wani gwangwanin man shafawa daga ƙarƙashin matashi, ta buɗe. Busassun furanni uku ne a ciki, kowanne da ɗigonsa.

"Kina da shi kika zauna da yunwa? Tauna mana!"

"In tauna, in ci abinci sau uku, sai kuma me? Irin a cikinsu yake, sakarai. Ban san wani mai shi ba. Ka murje su a kan ƙasa mai laima. Kada ka binne, na san halinka, haske yake so. Yayyafi safe da yamma. Wata biyu zai yi fure."

Wata biyu. Ranar da aka sallame ta daga asibiti likita ya ja shi gefe, kuma abin da ya faɗa masa bai kai haka ba. Ya dubi fuskarta, ya gane ita ma ta sani.

"Ki ci ɗaya, in shuka biyu."

"Da wannan hannun naka? Ukun ma tsoro nake ji."

"To wallahi sai in sake ki."

"Ka bari sai ka ga fure."

Ta ɗora gwangwanin a tafinsa, ta naɗe masa yatsu a kai. Hannunta babu nauyi ko kaɗan.

"In ya yi furen," ya ce, "wa zan kawo wa?"

"Duk mai ciwon bakin da ya buga ƙofa. Ka ce matarka ce ta bari."

Magini ya yi dariya, hawaye na gangaro masa.

"Kin ci wasan, uwargida. Kin ci."