Yadda Za Ki Hana Karenki Mutuwa a Unguwar 'Yan Fansho

Ke da kika sayi gida a unguwar 'yan fansho, kika sa hannu a takardar mallaka ba ki karanta shafukan baya ba don tabaranki yana cikin mota, matso kusa. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan yadda na jera su, karenki ba zai mutu ba. Ba magani nake sayarwa ba. A unguwarmu ta Pelican Bend, nan Florida, akwai karen da ya doshi shekara talatin yana tseren ƙadangaru, ba wanda ya taɓa cewa uffan.

Ga asalin zancen. Shekara goma sha shida da suka wuce, kwamitin unguwa ya ƙara sharaɗi a kan takardun gidajenmu: ba kare, ba kyanwa. Dabbar da dokar ta tarar a gida za ta zauna da mai ita har ƙarshen ranta, amma in ta mutu ba a maye gurbinta. Wanda aka kama da sabuwa, ko dai dabbar ta fita, ko ya sayar da gida ya bi ta. Tun daga ranar mutuwa ta daina ɗaukar masu ƙafa huɗu a layinmu. Masu ƙafa biyu kawai take zuwa wa.

Zan koya miki ne da labarin maƙwabciyata Dolores Pruitt, domin ita ce ɗalibar da ta fi kowa taurin kai, kuma ta ci jarrabawa.

Mataki na ɗaya: Ki daina ganin laifin maƙwabta

Dolores tsohuwar malamar lissafi ce daga Ohio, mace mai gaskiya har ta gundure ka. Karenta Biskit, ɗan fari mai gashi kamar audugar katifa, shi kaɗai ne na asali a duk layin, kuma ba ta bari a manta. In ta ga kyanwar ƙawarta Bernadette, wadda ta fara rayuwa baƙa ta koma toka-toka daga baya ta yi ɗigo-ɗigo, sai ta taɓe baki ta ce ita dai ba za ta iya kwana da ƙarya a gida ba. Karen gidan Delacroix kuwa, da ya tafi asibiti namiji ya dawo mace, ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Kada ki yi haka. Masu wannan taɓe bakin su ne suka fi shan wahala in ranarsu ta zo, domin sai sun haɗiye maganarsu kafin su haɗiye baƙin cikinsu.

Mataki na biyu: Ki rufe taga kafin ki yi kuka

Ranar Dolores ta zo mata da rana tsaka. Biskit ya kwanta a kan tsohon silifas ɗin mijinta Orville, inda ya saba kwanciya tun rasuwar mai silifas ɗin, bai ƙara tashi ba. Ta zauna a ƙasa kusa da shi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, a duk faɗin gidan, karen nan ne kaɗai ya rage wanda ya san Orville. Shi take yi wa hira da safe, shi take yi wa ƙorafin tsadar magani. Ta ji tsoron shirun da zai biyo baya fiye da yadda take tsoron kwamiti.

Ta buɗe baki za ta kurma ihu, sai ta tuna tagar kicin a buɗe take, ga Wendell Haskins yana wucewa a 'yar motarsa ta golf. Wendell shi ne shugaban kwamiti, mutumin da ke yawo da abin awo a aljihu yana gwada tsawon ciyawar mutane. Ya taɓa sa wani tsoho ya sake fentin ƙofarsa don farinta ya yi fari da yawa. Dolores ta rufe bakinta da tawul ɗin kwanuka, ta ja tagar, sannan ta kira Bernadette.

Bernadette ta zo da kwandon wanki, suka ɓoye gawar a ciki. Ba ta tuna mata da ko kalma ɗaya daga cikin tsofaffin maganganunta ba, sai da suka shiga mota, sannan ta tuna mata da su duka. A asibitin dabbobi na wani gari, ba na nan kusa ba, aka yi abin da ake yi, aka ƙone gawar. Tokar ta dawo gida ta shiga ƙarƙashin tukunyar furen da ke bakin ƙofa, ɗaya daga cikin furanni ukun da doka ta yarda a shuka.

In an tambaye ki ina kare, ki ce yana asibiti ana duba masa ƙoda. A unguwar da rabin mutanenta ake duba musu ƙoda, ba mai neman ƙarin bayani.

Mataki na uku: Ki nemo mai kama, ba mai kyau ba

Nan ne mata da yawa ke faɗuwa. Za ki shiga gidan da ake tara karnukan da ba su da masu, wani jan kare mai dogon kunne ya dube ki, zuciyarki ta narke. Ki taushe ta. Ba soyayya kika zo nema ba, magaji kika zo nema. Ita soyayyar za ta same ki a gida ko ba ki gayyace ta ba.

Dolores da farko cewa ta yi ba za ta je ba. Ta yi mako guda tana dafa kofi, tana juyawa ta yi magana, tana tarar da silifas kawai. Daga nan ta sa hularta mai baki, irin wadda duk matan layinmu ke sawa, ta ce wa Bernadette ta tada mota. Sun zaga gidaje da dama da hoton Biskit a hannu kamar masu cigiya, har suka samu wani ɗan fari mai gashin auduga. Ya ɗan fi marigayin tsawo, kuma kunnensa ɗaya a miƙe yake. Bernadette ta ce kunnen ba matsala, a ce shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa shi.

Ma'aikaciyar wurin ta tambayi sunan da za a sa masa. Dolores ta sunkuya tana kallon hoton da ke hannunta. Bernadette ce ta ce Biskit.

Mataki na huɗu: Ki koya masa tsufa

Biskit na asali kurma ne, yana ɗingishi da ƙafar baya, kuma tafiyar da ta wuce akwatin wasiƙu sai an lallashe shi. Sabon kuwa in ganye ya faɗi a layi na gaba sai ya ji. Dolores ta gwada koya masa ɗingishi, ita da kanta tana yi a tsakar falo yana kallo. Ya ɗauka wasa ne, ya cafke mata siket. Ƙarshenta ita ce ta tashi da ciwon ƙugu na gaske.

Mafita ita ce keken jarirai. Ki sa shi ciki, ki lulluɓe shi da bargo har wuya, ki tura shi a hankali kina girgiza kai. Duk wanda ya leƙo ki ce masa ƙafafun ne suka ƙi. Mutanenmu suna girmama keken kare fiye da motar asibiti. Haka Dolores ta riƙa fita kowace safiya, tana tura ɗan saurayin kare mai jini a jika, shi kuma yana rawar jiki a ƙarƙashin bargo don ya hango kurege. Ta ce wa masu tambaya sanyin tsufa ne.

Mataki na biyar: Kada kwanuka su firgita ki

Kin san al'adarmu. In aka yi rasuwa a gida, ba a cika ki da surutu. Za ki buɗe ƙofa ki tarar da kwanon gasasshiyar taliya da cuku, an rufe shi ruf, da sunan mai shi a manne a gindi don a san inda za a mayar. Da Orville ya rasu, Dolores ta ci taliya har ta tsani ganinta.

To, wata safiya ta dawo da kekenta ta tarar da kwano a bakin ƙofa, daidai gefen tukunyar fure. Ta juya gindinsa, ba suna. Washegari biyu, kafin mako ya ƙare sun kai biyar. Hankalinta ya tashi, ta ruga gidan Bernadette ta ce asiri ya tonu, duk layi ya sani. Bernadette ba ta ko ɗago daga wasan katinta ba.

"Ƙawata, wa ya ce miki na ta'aziyya ne? Ragowa ce. Mutane sun dafa ta yi musu yawa."

"Gida biyar a mako ɗaya?"

"Tsufa ne, hannu ya daina sanin awo. Ki ci abinki ki yi shiru."

Dolores ta gane ɗaya daga cikin kwanukan, mai tsagaggen hannu, na gidan Delacroix ne, masu karen da ba ta amsa wa gaisuwa. Ta ci taliyar a tsaye a kicin, kunya da godiya suka taru suka cika mata ciki. Ki lura dai: kwano ba shaida ba ne. Ba a taɓa gurfanar da taliya a gaban kwamiti ba.

Mataki na shida: In shugaba ya tsaya a ƙofarki, kada ki gudu

Akwai abu ɗaya da ba wanda ya tuna ya gaya wa sabon kare. Biskit na asali ya tsani Wendell Haskins. Kurma ne, amma kamar ta ƙasa yake jin motar mutumin, sai ya ja ƙafarsa zuwa taga ya yi ta haushi har motar ta ɓace. Shekara da shekaru ba fashi.

Da hantsi Dolores tana daidaita bargo a bakin ƙofa, sai ga motar golf ta tsaya. Wendell ya sauko, riga a cikin wando, abin awo yana leƙe daga aljihu. Kafin ta ankara, tsohon kare mai ciwon ƙoda, wanda ƙafafunsa suka ƙi, ya yi tsalle ɗaya daga cikin keke, ya tsallake tukunyar fure, ya dafe gwiwar shugaban kwamiti yana lasar hannunsa, wutsiya kamar za ta cire.

Dolores ta ƙanƙame keken. A take ta hango allon sayar da gida a kafe a ciyawarta, ko kuma igiyar karen a hannun wani. Ta san kuma, abin da ya ba ta mamaki, cewa gidan za ta bari.

Wendell ya daɗe yana kallon karen. Ya ce ya ga Biskit ya samu sauƙin ƙafa. Ta ce sabon magani ne. Ya ce kuma ya ga ya daina ƙinsa. Ta ce tsufa ne, ya fara mantuwa. Ya gyaɗa kai kamar likita ne ya yi masa bayani. Sai ya koma mota ya ɗauko wani abu a kujerar baya. Kwano ne, gefensa ya ƙone ƙurmus, domin tun da matarsa ta rasu bai iya komai ba sai dafa ƙwai.

"Ragowa ce, Madam Pruitt," in ji shi. Ya dubi tukunyar furen, ya cire hularsa. "Kowace safiya sai ya zage ni. Duk layin nan shi kaɗai ke faɗa min a fuskata. Kwanakin nan in na wuce, sai in ji kamar ban fito ba."

Nan Dolores ta yi kukan da ta riƙe tun ranar tawul ɗin kwanuka, a waje, taga ko'ina a buɗe. Wendell ya tsaya riƙe da kwano yana nazarin tsawon ciyawarta, wadda ta wuce ƙa'ida, bai zaro abin awo ba.

Mataki na bakwai: Ki tanadi wadda za ta gaje ki

Wannan matakin ban san da shi ba sai ranar. Da ta share ido, malamar lissafi ta yi lissafinta a fili. Likita ya ce karen bai fi shekara biyu ba. Ita ta haura tamanin. Takarda kuma ta ce izinin dabba yana ƙarewa ne da ran mai ita. Ta tambayi Wendell, ba wasa a muryarta, ina za a kai shi ranar da kwanukan za su zama na rasuwarta.

Wendell ya mayar da hularsa, ya dubi layi. Can ga mata uku suna tafiyar motsa jiki, kowacce da farin kai, da hula mai baki, da farin takalmi.

"Idona ya tafi, Madam Pruitt. Daga nesa duk ɗaya nake ganinku. In dai na hango farin kai da hula da igiyar Biskit a hannu, ni a wurina ke ce. Ƙofar da kika fito kuwa ban taɓa lura ba."

Da yamma Bernadette ta zo karɓar labari. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙa hannu ta zare hular Dolores ta ɗora a kanta, ta dubi madubi. Ta ce ta ɗan matse ta, amma za ta saba.

Sanarwa

Ni mai wannan rubutu ba ruwana. In aka kama ki, ban san ki ba, ban taɓa ba ki shawara ba, kuma abin da kike ji yana haushi a gidana rediyo ne. Ciwon ƙugu, ƙibar taliya, da son karen da kika rantse ba za ki so ba, duk ke kika jawo wa kanki. A iya sanina ba dabbar da ta taɓa mutuwa a Pelican Bend. In kuma wata safiya kika ga Madam Pruitt ta fito da Biskit, ta ɗan rage tsawo, hular ta matse ta, ki gaishe ta da sunanta ki wuce. Sai ki koma gida ki kunna murhu, kuma kada ki manna suna a gindin kwanon.